Kada Ki Haɗa Akwatinki Tukuna, Asabe

Tudun Wada, Zariya
Ranar Talata, tsakiyar damina

Zuwa ga 'yata Asabe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda ta bar mu. Babanki yana gaishe ki, yayanki da ƙannenki duka suna gaishe ki. Allah ya tsare mini ke a ɗakin kwananku, da ɗakin karatu, da ɗakin marasa lafiya. Ya raba ki da ciwo da mugun baki. Amin.

Takardarki ta iso ranar Juma'a. Babanki ne ya karɓo ta a gidan waya bayan ya tashi daga makaranta. Ya karanta, ya ninke, ya miƙo mini. Ni kuwa sau uku na karanta ta. Kin ce tiren kayan allura ya suɓuce miki a gaban kowa, Sista ta yi miki faɗa da Turancin da rabinsa kaɗai kika kama. Kin ce 'yan ajinku suna amsa tambaya tun kafin ke ki gama juya ta a kanki. Kin ce kin tabbata kuskure aka yi aka ɗauke ki koyon aikin nas, gara ki dawo da ƙafarki kafin a koro ki. Har kin roƙi Babanki ya hau jirgin ƙasa ya je Kano ya taho da ke.

Ya so ya ba ki amsa da kansa, irin amsar malaman makaranta. Na ce ya bar mini wannan. Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Wani abu zan faɗa miki wanda na ɓoye muku ku duka. Farar rigar nan da kike sawa, ni ma na taɓa sa ta. Wata bakwai na yi a cikinta, sannan na cire ta na gudu. Babanki ya sani, amma tun kafin aurenmu na roƙe shi kada ya ɗaga maganar, bai kuwa taɓa ɗagawa ba.

Shekarata goma sha bakwai a lokacin. Akwai wani ɗan ƙaramin asibiti a garinmu, ɗaki biyu da rufin kwano, an daɗe da rufe shi yanzu. Aka zaɓe mu mu uku daga makaranta mu koyi aikin jinya a hannun wata Sista Baturiya, doguwa, mai saurin tafiya, makullai na ƙara a ƙugunta. Hausarta kaɗan ce. Komai da Turanci take faɗa, idan ta gama sai ta ce, “Kin gane?” Ni kuma kullum amsata ɗaya: “I, Sista.” Ko na gane ko ban gane ba. Gani nake idan na ce a'a, kowa zai san 'yar ƙauye ce ni wadda ba ta da kai.

Akwai wani dattijo manomi da ya yi tafiyar kwana biyu a ƙasa don a yi masa aikin ƙaba. Likita sau ɗaya yake zuwa mana a mako biyu. Da safen ranar da za a yi aikin, Sista ta nuna mini gadon dattijon ta yi magana da sauri. Na kama kalmar abinci, na kama kalmar ruwa, sauran ya wuce ni. Ta ce, “Kin gane?” Na ce, “I, Sista.” Na je na damo kunu mai zafi na cika masa kwano, ya shanye tas. Ashe cewa ta yi kada a ba shi komai, ko ɗigon ruwa.

Da likita ya zo ya tambaye shi ko ya ci wani abu, sai dattijon ya washe baki ya nuna ni ya ce, “Yarinyar nan ta ba ni kunu, Allah ya yi mata albarka.” Aka fasa aikin, aka ce sai bayan mako biyu. Ya ce ba zai iya jira ba, ruwan shuka ya sauka, ba mai yi masa noma. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya da ciwonsa. Da zai fita ya sake sa mini albarka. Faɗan da Sista ta yi mini na manta shi tuni, amma albarkar nan har yau tana ci mini rai. Ban ƙara ganinsa ba.

Saboda haka, 'yata, ki koyi cewa “ban gane ba”. Ki faɗe ta da murya yadda za a ji. Idan an maimaita ba ki gane ba, ki sake faɗa. In za a yi dariya a yi. Kunyarki ta minti ɗaya ce, amma wanda ke kwance a gadon nan jikinsa ne zai ɗauki abin da ba ki tambaya ba. Kuma ki lura, ranar da kika ɗaga hannu kika tambaya, za ki ga wasu sun sunkuyar da kai suna rubuta amsar. Su ma ba su gane ba, jira suke wani ya riga su.

Kin yi maganar 'yan ajinku masu saurin Turanci. Ni ma ina da tawa. Sunanta Felisiya, 'yar wani akawun reluwe ce daga kudu. Turanci a bakinta kamar ruwa. Idan tana magana da Sista nakan ji kamar in nutse a ƙasa. Na daina zama kusa da ita, na daina cin abinci tare da ita, na ce a raina girman kai gare ta. Ba abin da ta yi mini. Sai a watana na shida na same ta a bayan ɗakin wanki da rana tsaka tana share hawaye. Na ce, “Lafiya?” Ta ce da 'yar Hausarta, “Tsohuwa mara lafiya tana magana, tana magana, ni ba na ji. Tana kama hannuna, ban san me take so ba. Ke kina ji. Suna kiranki, ba sa kirana.”

 Wata shida ina kallonta ina raina kaina, ashe ita ma tana kallona tana raina nata. Da na matsa kusa da ita tun farko, da ta gyara mini Turanci na gyara mata Hausa, mu biyun mun huta.

Ke ma ki duba da kyau. Mutumin da aka kawo daga ƙauye a kan jaki ba zai ce miki ga sunan ciwonsa ba. Cewa zai yi wani abu na yawo a cikinsa, ko sanyi ya shige shi. Matar da ke jin kunyar likita ke za ta jawo ta raɗa wa gaskiya. Kin san yadda ake durƙusa wa tsoho, kin san abin da mace ke nufi idan ta ce “da sauƙi” alhali ba sauƙin. Wannan ba a littafinku yake ba, da shi kika tafi daga gida. Turanci kuwa koyonsa ake yi, su ma koya suka yi. Ki nemi wadda ta fi kowa iyawa a ajinku ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta me ke ba ta wuya. Za ki sha mamaki.

Yanzu ga babbar maganar. Na yi kwana biyu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa saboda ita.

Kin san kakata unguwarzoma ce, a ɗakinta na tashi. Tun ina ƙarama na ga haihuwa iri-iri, kuma takan faɗa mini abin da take dubawa. A watana na bakwai aka kawo wata mata mai suna Ladi, ba ta fi ni da shekara uku ba. Ta haihu da hantsi, namiji, lafiya lau. Muka yi ta murna, har ta ce idan ta sake haihuwa ta samu mace za ta sa mata sunana. Wajen azahar na je canja mata ƙyalle, na tarar ya jiƙe sharkaf, na ƙarƙashinsa ma haka. Na taɓa ƙafafunta, sanyi ƙalau. Leɓɓanta sun yi fari, tana ta hamma, tana cewa in ba ta ruwa. Na san abin da kakata takan yi idan ta ga haka a jikin mai jego. Ba ta zama.

Na je wurin babbar nas ɗinmu, tana dafa kayan aiki a kan murhu. Na ce, “Malama, jinin Ladi ya yi yawa.” Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, “Kowace mai jego tana zubar da jini. Watanki nawa a nan da za ki koya mini aiki?”

Gidan Sista yana tsallaken fili, ba nisa, ta tafi cin abincin rana. Na fita na nufi can. Na isa har bakin ƙofa, ina jin ƙarar cokali a faranti. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa. Sai wani abu ya ce mini, ke wace ce? Ba ke ce mai kunu ba? Wadda ta shekara goma tana aikin ta ce ba komai, ke za ki tayar da Baturiya daga kan abinci? Idan ta zo ta ga ba komai fa? Na sauke hannuna, na koma na zauna kusa da Ladi ina yi mata fifita.

Sai la'asar Sista ta zo zagaye. Tana ɗaga bargon ta ƙwala kira. Ta yi duk abin da ta sani, hannunta har gwiwa cikin jini. Kafin rana ta faɗi Ladi ta cika, jaririnta na kuka a kwando kusa da gadon.

Ban ce da na ƙwanƙwasa da ta rayu ba. Rai a hannun Allah yake, na sani, Fasto ma ya sha faɗa mini. Amma sa'a uku ce tsakanin tsayuwata a ƙofar nan da zuwan Sista, kuma ni na ɓatar da su. Ba rashin sani ne ya hana ni ba. Na gani, na kuma gane abin da na gani. Raina kaina ne kawai.

Asabe, ki ji ni da kyau a nan. Mu mata an koya mana cewa sunkuyar da kai tarbiyya ce, kuma gaskiya ne a wurinsa. Amma akwai wani sunkuyar da kai da ba ladabi ba ne, tsoro ne ya yafa mayafin ladabi. A bakin gadon mara lafiya ba a tambayar 'yar wane ce ke, ko watanki nawa. Idan idonki ya ga abu, ki faɗa wa na gaba da ke cikin ladabi. Idan bai ji ba, ki wuce wurin na gaba da shi. Idan ƙofa a rufe take, ki buga ta. In ya zamana ba komai, a yi miki faɗa, ki ce a yi haƙuri, ki ci tuwonki ki kwana lafiya. Faɗa ba ya bin mutum shekara ashirin da biyar. Shirun nan kuwa ya bi ni.

Washegari na kasa riƙe abin, na je na faɗa wa Sista komai, har tsayuwata a ƙofarta. Na ɗauka za ta kore ni. Idanunta suka yi jawur. Sai ta haɗa 'yar Hausarta ta ce, “Rahila, idonki mai kyau ne. Bakinki ne ba ya aiki. Za mu gyara baki.”

Kin ga, magana uku ta yi. Ta yabi idona, ta faɗi laifina, ta ce zai gyaru. Ni kuwa ta tsakiyar kaɗai na ɗauka na tafi da ita. Ranar Asabar na ninke rigar na ajiye a kan gado, na ɗaure kayana na koma gida. Na ce wa mahaifina ƙirjina ke ciwo. Sau biyu Sista tana hawa keke ta zo har ƙofar gidanmu nemana. Na shige ƙuryar ɗaki na sa aka ce ba na nan. A zuwa na biyu ina jin muryarta a zaure tana cewa, “A faɗa mata gadonta yana nan.” Ban fito ba.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi sauran, don shi kaɗai ne na yi da gangan. Ban yi da-na-sanin auren Babanki ba, ban yi da-na-sanin haihuwarku ba, keken ɗinkin nan nawa ma ya rufa mana asiri. Amma duk ranar da aka buga mana ƙofa a unguwar nan aka ce wata tana naƙuda in zo in duba, ina zuwa da rabin sani. Nakan tsaya a kan mace ina cewa da na ƙarasa, da na san abin da zan yi yanzu.

Don haka ki koma ki tuna faɗan da Sistarku ta yi miki ranar tire. Kin ce rabi kika kama. To, ki je ki same ta lokacin da ba kowa, ki ce, “Sista, ban ji duk abin da kika faɗa ba, ina so in gyara.” Ki saurari maganar har ƙarshenta. Wanda ya fid da rai da mutum ba ya ɓata bakinsa a kansa. Tire kuma kowa ya taɓa yar da shi, har ita. Ana wanke kayan a sake dafawa, shi ke nan. Kuma ki sani, ana ta maganar Turawa za su tattara su tafi, Babanki kullum da ita yake shigowa gida. Ranar da suka tafi, wa zai riƙe makullan nan? Ku ne. Ba daga sama za a sauko da wasu ba.

Saura guda, kuma wannan ke na yi wa.

Kin tuna shekarar da Babanki ya faɗi a keke a hanyar Gyallesu, ƙarfe ya yage masa ƙwauri, ciwon ya ruɓe yana wari? Shekararki goma sha huɗu. Yayanki ko ɗakin ba ya iya shiga. Ke ce kike tafasa ruwa da gishiri safe da yamma, ki wanke hannunki, ki durƙusa ki wanke ciwon, yana ihu kina ba shi haƙuri kamar ke ce babba. Mako shida ba ki tsallake rana ba. Ke ce kuma kika fara lura jan ya fara hawa sama, kika ce a mai da shi asibiti. Aka mai da shi, likita ya ce da an ƙara kwana biyu da ƙafar ta tafi.

Ranar da ya fara takawa, Hajiya Dije maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli ta shigo barka. Ta ce, “Rahila, 'yar nan taki hannunta na magani ne. Allah ya ba ki.” Ni kuma na ce, “Wa? Asabe? Ai ko tuwo ba ta iya kwashewa, Hajiya.” Muka yi dariya. Kina bakin murhu, kin ji. Na ga yadda kika sunkuyar da kai kika ci gaba da hura wuta. Na gani sarai.

Na ce wa kaina kara ce, uwa ba ta yabon ɗanta a gaban mutane, haka aka yi mana. Amma bayan Hajiya ta fita ai ba mutane, me ya hana ni kiranki ɗaki in faɗa miki? Ranar da sakamakon jarrabawarki ya fito ma, kika shigo da gudu da takarda a hannu, abin da na ce kawai shi ne, “To, Allah ya sa ki iya.” Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ina kallonki ina ganin kaina, ina gudun kada ki sa rai ki faɗi inda na faɗi. Na ɗauka idan ban ɗaga ki ba, faɗuwar ba za ta yi zafi ba. Da na karanta takardarki na ga kin rubuta “kuskure aka yi aka ɗauke ni”, sai na ji muryata a ciki. Ni na sa miki maganar nan a baki. Ki yafe mini, 'yata.

Ga abin da ya kamata in faɗa tun a lokacin. Hannunki ba ya rawa a kan ciwo. Ba kya ƙyamar mara lafiya. Kina lura da abin da manya suka wuce ba su gani ba. Kuma kina da abin da ni ban samu ba: kin gani, kin buɗe baki kin faɗa, a gidan da ba wanda ya tambaye ki. Ƙafar da Babanki ke taka keke da ita yau, bayan Allah, ke ce. Ba kuskure aka yi ba. Waɗanda suka ɗauke ki sun san abin da suka ɗauka.

Jiya da hantsi na yafa gyalena na shiga gidan Hajiya. Na same ta tana matsar tunkuza. Na ce, “Hajiya, maganar da kika yi a kan Asabe shekara biyar da suka wuce, na zo in ce gaskiya kika faɗa.” Ta tsaya ta dube ni, mai yana ɗiga daga hannunta, ta ce, “Sai yau, Rahila? Ai ni na san gaskiya na faɗa. Ita kika faɗa wa?” Na ce ga shi zan rubuta. Ta ce, “To tashi ki je ki rubuta, kin tsaya kina kallona.” Ƙullin ƙuli-ƙulin da za ki gani tare da takardar nan nata ne. Ta ce ki ci da 'yan ajinku, kada ki ɓoye a akwati ki ci ke kaɗai.

Ba zan ce miki ƙofar gida a rufe take ba. Gidanku ne, duk ranar da kika zo da dare ko da rana za a buɗe miki, ba kuma wanda zai yi miki gori. Amma Babanki ba zai zo wannan watan ba, ni na hana shi. Roƙona ɗaya ne: ki tsaya har kaka. Ki yi tambaya, ki yi ƙawa, ki ci abinci ki ƙoshi, ki je sujada ranar Lahadi ko da kin gaji. Idan an shigo da amfanin gona kika ga har yanzu zuciyarki ba ta wurin, ki rubuto, ni da kaina zan hau jirgi in zo. Amma ya zama don ba kya son aikin ne, ba don kina ganin ba ki isa ba. Kin isa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya da sanyin hannu. Ya buɗe miki kai a aji, ya buɗe miki baki a inda ya kamata. Ya sa duk wanda kika taɓa ya tashi. Ya tsare ki daga cutar da kike jinya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da ya dace. Kowace safiya da sunanki nake fara addu'a.

Ki ba ni amsa da hannunki, ni za ki rubuto wa, ba Babanki ba.

Ni ce innarki mai ƙaunarki,
Rahila